Kifin Banda da Dakarun Jiki

Jawabin wayar da kan jama'a ga masunta, masu banda, fataken kifi da masu saye

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta shi ga masunta da masu banda da dillalai da fataken kifi, da kuma magidanta da matan gida waɗanda ke sayen kifin su sa a miya. Batun da zai taɓa ya fito ne daga ɗakunan binciken likitoci, kuma da jin farko mutum zai ce ina ruwan mai kifi da shi. Amma wanda ya saurara da kyau zai ga cewa hannun mai banda da hannun mai ajiya suna da rabo babba a cikin lafiyar mutanen da ba su taɓa gani ba.

Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri tana cikin manyan kasuwannin busasshen kifi na Afirka ta Yamma. Yawancin kifin da ake saukewa a cikinta daga Tafkin Cadi yake fitowa, ta Baga da Doron Baga, tafiyar kusan kilomita 200 daga Maiduguri. Akwai tarwaɗa da karfasa da bargi da ƙurungu, wani an yi bandarsa, wani an shanya shi a rana. A nan ake ciniki, a ɗaure kwalaye, a yi wa kowane kwali shaida, sa'an nan manyan motoci su kwasa zuwa Kano da Anaca da Inugu da Badun da Ikko. Tafkin ya sha wuya, domin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kana farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwansa. Mutanen gaɓarsa ma sun sha tasu, musamman bayan harin da aka kai Baga a watan Janairu na 2015, sa'ad da hanya ta yanke, ciniki ya tsaya cik na wani lokaci. Duk da haka kifin Barno bai rasa sunansa a kasuwannin ƙasa ba, kuma gidajen da ke cinsa ba su ƙidayuwa.

DAKARUN DA KE CIKIN JINI

A cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu tsaro ne. Waɗannan fararen su ake nufi da dakarun jiki, kuma su ne ginshiƙin abin da ake kira garkuwar jiki. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, amma a cikin ɗigon jini wanda bai kai ƙwayar gero ba akan sami dubbai. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu haɗiye ƙwayar cuta ɗungum, akwai masu leƙen asiri da ke kai rahoton abin da ya shigo jiki, akwai masu ƙera makamin da ake kira antibodi, akwai kuma waɗanda likitoci suka sa wa suna dakarun T, masu ba da umarni ko kashe duk ƙwayar jiki da cuta ta shige ta ɓuya.

Wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, shi ya fara nuna aikinsu a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake ana hango cikinsa, da gari ya waye ya tarar waɗansu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Sai tambaya ta taso: abin da ba shi da ido, ba shi da kunne, ta yaya yake gane baƙo? Wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya amsa a 1897 cewa a bayan kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan hannaye, kowane hannu da abin da ya dace da shi, kamar yadda kowane kwaɗo ke da mabuɗinsa. Daga baya ya sa musu suna risefta. Da Hausa ya dace a kira ɗaya makarɓi, da yawa makarɓai, tun da aikinsu karɓar saƙo ne. Mutanen biyu suka raba lambar yabo ta Nobel a 1908.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, yawan makarɓan da ke bayan ƙwaya ba tsayayye ba ne. Yana ƙaruwa yana raguwa. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai kundin gado, wanda masana ke kira DNA, kuma a cikinsa aka rubuta yadda ake ƙera kowane makarɓi. Yawancin shafukan kundin a rufe suke. To, akwai sinadarai, galibi masu narkewa a cikin mai, waɗanda ke ratsa fatar ƙwaya su shige ciki, su tarar da wani makarɓi na ciki yana jiransu, su biyun su haɗu su buɗe wani shafi na kundin. Da an buɗe shafin sai ƙwayar ta shiga ƙera makarɓin da aka rubuta a wurin, ta jera shi a bayanta. Wannan shi masana ke nufi idan suka ce sinadari kaza yana ƙara bayyanar makarɓi. Waɗansu daga cikin irin waɗannan sinadarai abinci ne ke kawo su. Waɗansu kuwa hayaƙi ne.

SHAIDAR DA KE KAN KWALI

Kowane ɗan kasuwar Baga Road ya san abin da ke samun kwalin da ba a yi wa shaida ba. Kifin cikinsa yana da kyau, an biya kuɗin mota, amma ba wanda ya san inda za a sauke shi, sai ya yi ta yawo ko ya kwana a tasha. Dakarun T ma suna bukatar shaida. Ana horar da su ne a gidajen kaluluwa, watau 'yan ƙullutun nan da kan kumbura a hammata ko a matsematsi idan mutum ya ji ciwo, kuma akwai irinsu da yawa a jere kusa da hanji. Bayan horo sai su faɗa cikin jini, jini kuwa ko'ina yana zuwa. An daɗe ana mamakin yadda wanda aka horar domin tsaron hanji yake gane hanyar komawa hanji.

A 2004 wani masani a Japan, Makoto Iwata, da abokan aikinsa suka gano asirin. Masu leƙen asirin da ke hanji suna ɗaukar bitamin A su juya shi ya zama wani sinadari mai suna asid na retinoyik, su miƙa wa dakarun T da ke hannunsu. Wannan sinadari ne ke buɗe shafin kundin, sai dakarun su fito da makarɓai iri biyu masu yawa a bayansu. Na farko, CCR9, yana jin wani kira da ƙaramin hanji ke saki, ya bi shi kamar yadda ake bin ƙanshi. Na biyu, alfa-4-beta-7, yana kama bangon jijiyoyin jinin hanji domin sojan ya sami tsayawa ya fita daga jini ya shiga wurin aikinsa. Da aka duba ɓerayen da aka hana bitamin A, sai aka tarar bangon hanjinsu ya kusa zama fayau, dakarun T kaɗan ne suka isa can. Shekara biyu bayan haka, a 2006, waɗansu masana suka nuna cewa masu ƙera antibodin da ke tsaron cikin hanji su ma da wannan sinadari ake yi musu shaida.

Wannan bincike ya haska wani abu da likitocin yara suka riga suka gani da idonsu. A 1986 Alfred Sommer, likitan ido daga Amurka, ya ba da rahoton gwajin da aka yi a ƙauyuka 450 na lardin Aceh a Indunusiya, inda mutuwar yaran da aka ba bitamin A ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. A 1990 likitoci a birnin Kef Taun na Afirka ta Kudu suka nuna cewa ba yaro mai ƙyanda mai tsanani bitamin A yana rage mutuwa da fiye da rabi. Ba kowane gwaji ne ya ba da sakamako mai girma haka ba. Wani babba da aka yi a kan yara kimanin miliyan ɗaya a arewacin Indiya, aka bayyana shi a 2013, ya sami raguwa kaɗan ce ƙwarai, kuma da aka haɗa gwaje-gwajen duka sai lissafin ya tsaya a wajen kashi 12 cikin 100. Ko haka ɗin ma rayuka ne masu yawa. Shaidar hanji kuma ba ita kaɗai ce dalili ba, domin bitamin A yana gyara shimfiɗar cikin hanji da ta huhu da ta ido, shi ya sa dundumi ke cikin alamun farko na rashinsa.

Saboda wannan ne ake ɗiga wa yara bitamin A kyauta a asibitoci da kuma lokacin makon lafiyar uwa da yaro, sau biyu a shekara. Ƙwanso shuɗi na jariri ne daga wata 6 zuwa 11, ja kuwa na yaro ne daga shekara ɗaya har ya kusa cika biyar. Tun farkon shekarun 2000 kuma doka ta wajabta wa masana'antun Nijeriya su sa bitamin A a sukari da man girki da fulawa, alamarsa hoton ido ne a jikin buhu ko galan.

To, ina matsayin kifi a nan? Tilas ne a faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa mai sayarwa daɗi ba. Kifin ruwan daɗi yana da bitamin A, amma a hantarsa da idonsa da kayan cikinsa yake taruwa, tsokarsa kaɗan ta samu. Don haka ƙananan kifayen da ake ci gaba ɗaya sun fi manya a wannan fanni. A Bangaladesh an yi dogon bincike a kan wani ɗan kifi mai suna mola, kuma masaniyar da ta ja gaban irin wannan aiki, Shakuntala Thilsted, ta karɓi lambar yabo ta abinci ta duniya a 2021. Sai dai shanya a rana da zafin wuta suna lalata mafi yawan bitamin ɗin. Bandar da aka feɗe, aka gasa, aka yi makonni da ita a kwali, ba wurin neman bitamin A ba ce. Abin da take bayarwa shi ne furotin da sinadarin ƙarfe da zinki da kalsiyam, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin da furotin ake gina dakarun da makarɓansu duka. Uwargida mai dabara ita ce wadda ta haɗa bandar da manja, da zogale ko alayyafo ko kabewa, a tukunya ɗaya. Kifin ya kawo kayan gini, ganyen da manjan su kawo bitamin, man kuma ya taimaki hanji ya tsotse shi.

BITAMIN D, DA ABIN DA GWAJI YA KOYAR

Bitamin D ma yana wannan aiki. Fatar mutum ce ke ƙera mafi yawansa idan rana ta taɓa ta, kifi kuma yana cikin 'yan abincin da ke ɗauke da shi. A 2007 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa idan bitamin D ya shiga dakarun T sai su fito da makarɓi mai suna CCR10, wanda ke jan su zuwa saman fata. Watau bitamin A shaidar hanji yake bugawa, bitamin D kuwa shaidar fata. Kafin wannan, a 2006, rukunin Robert Modlin a Los Anjalis sun gano cewa da zarar masu haɗiya sun ji ƙwayar tarin fuka sai su ƙara yawan makarɓin bitamin D a cikinsu, kuma idan bitamin ɗin ya wadata a jini sai su ƙera wata guba mai suna katelisidin su kashe ƙwayar.

Da jin wannan, mutane da yawa suka ɗauka an sami rigakafin tarin fuka mai araha. Aka gwada a kan mutane, aka ga ba haka ba. A Gini Bisau an ƙara wa masu tarin fuka bitamin D a kan maganinsu, rahoton 2009 ya nuna bai ƙara musu sauƙi ba. A Mongoliya an ba yara 'yan makaranta 8,851 ko dai bitamin D ko ƙwayar da ba kome a cikinta, mako-mako har shekara uku, rahoton 2020 ya nuna kamuwa da ƙwayar tarin daidai take a ɓangarorin biyu. Maganin tarin fuka yana nan yadda aka san shi, watau ƙwayoyin da asibiti ke bayarwa kyauta, a sha wata shida ba fashi.

Akwai wani darasi irin wannan daga cikin gida. A ƙasashen sanyi rashin bitamin D ne ke lanƙwasa ƙafafun yara. Da Tom Thacher da abokan aikinsa suka bincika a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, rahotonsu na 1999 ya nuna cewa a nan ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili. A 2015 kuma suka nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa yana warkar da ciwon. Mai jefar da ƙashin ƙaramin kifi ya lura da wannan.

Daga nan ya kamata a fahimci abin da ke tsakanin ɗakin bincike da bakin mai talla. Ana yawan jin masu lasifika a tashoshin mota, da masu talla ta wayar hannu, suna cewa maganinsu yana ƙara garkuwar jiki, wani ma har ya ambaci binciken Turawa. Mai yiwuwa ne an taɓa ɗiga wani sinadari a kan ƙwayoyi a cikin faranti aka ga makarɓi ya ƙaru. Irin wannan rahoto yana fitowa da yawa kowace shekara, kuma shi ne matakin farko kurum. Bayansa akwai gwaji a kan dabba, akwai gwaji a kan mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, akwai gwaji a kan dubbai don a ga ko yana warkarwa, kuma mafi yawan sinadarai a hanya suke faɗuwa. Mai saye ya duba jikin kwalba. A kan magungunan gargajiya da yawa masu rajista akwai rubutu da Turanci cewa hukumar NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba.

Ƙari ma ba kullum yake zama alheri ba. A ƙasar Finlan an gwada ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin bitamin, da fatan rage ciwon dajin huhu. Sakamakon 1994 ya nuna ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha beta-karotin, sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. A Landan kuma, a watan Maris na 2006, an yi wa samari shida masu lafiya allurar gwajin wani magani da aka ƙera domin ya zaburar da makarɓin CD28 na dakarun T. Cikin 'yan sa'o'i dakarun suka tashi gaba ɗaya suka auka wa jikin masu su, duka shidan suka kwanta rai a hannun Allah, da ƙyar aka ceto su. Mace mai ciki kuwa kada ta kuskura ta sha ƙwanson bitamin A na yara, domin yawansa yana naƙasa ɗan tayi.

HAYAƘIN BANDA

Banda tsohuwar hikima ce. Ba domin ita ba, kifin da aka kama a tafki ba zai kwana biyu a zafin Barno ba. Wuta tana fitar da ruwa, hayaƙi yana kashe ƙwayoyin ruɓa, ya ba kifin ƙanshin da ake sonsa dominsa. Amma idan itace ko mai ya ƙone bai ƙone sarai ba, yana haifar da wani dangin sinadarai da masana ke taƙaita sunansu da PAH. Mafi sharri a cikinsu shi ne benzopirin. An fara zargin kunkunniya tun 1775, sa'ad da wani likitan Landan, Percivall Pott, ya lura da ciwon daji a jikin masu share bututun hayaƙi, kuma a 1933 aka ware benzopirin daga kwalta. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko, watau sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Hanyar da yake bi ita ce wadda aka bayyana a baya. Yana narkewa a mai, ya ratsa fatar ƙwaya, ya kama wani makarɓi na ciki mai suna AhR, wanda Alan Poland ya gano a Amurka a 1976. Su biyun su buɗe shafin da ke sa ƙwaya ta ƙera abin narkar da baƙon sinadari, amma wajen narkarwar sai benzopirin ya rikiɗa ya zama wani abu mai manne wa kundin gado ya ɓata rubutunsa. A 2008 rukunoni biyu na masana, ɗaya a Landan ɗaya a Boston, suka nuna cewa wannan makarɓi yana cikin dakarun T, kuma abin da ya kama shi yana iya karkatar da su, ko su zama masu hura wutar kumburi ko masu kwantar da ita. A jikin dabbobin gwaji an ga dangin PAH suna rage ƙera antibodi. Abin lura shi ne makarɓin ba don hayaƙi yake wurin ba. Sinadaran da ke cikin kabeji da danginsa ma suna kama shi, kuma binciken 2011 a kan ɓeraye ya nuna suna taimakon dakarun bangon hanji su ɗore. Ƙofa ɗaya ce, baƙin ne suka bambanta.

Ba a ce a daina banda ba, ba a kuma ce wanda ya ci kifi yau zai kwanta gobe ba. Haɗarin a tarawar shekaru yake, kuma wanda ya fi kowa shansa shi ne mai tsayuwa a kan wutar kullum yana shaƙa, galibi mata da yaran da ke goye. Abin da ke ƙara PAH an san shi: harshen wuta yana lasar kifi, man kifi yana ɗiga cikin wuta ya ƙone ya dawo da baƙin hayaƙi, da kuma hura wuta da leda ko roba ko tsohuwar taya ko katako mai fenti. Kifin da ya yi baƙi ƙirin yana shafa kunkunniya a hannu ya sha fiye da kima. Gyaran kuwa shi ne a bar wuta ta zama garwashi kafin a ɗora, a nisanta ragar daga wutar, a sa faranti ya tare man. A kan wannan tsari aka gina murhun FTT-Thiaroye, wanda wata cibiyar horar da ma'aikatan kifi a Senegal ta ƙera tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 2008. A gida ma Cibiyar Binciken Ajiyar Amfanin Gona da ke Ilori, mai reshe a Kano, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabuwar Busa sun ƙera ingantattun murahun banda. Ga mai sha'awar kasuwar waje, Tarayyar Turai tun watan Satumba na 2014 ba ta yarda benzopirin ya wuce maikirogiram 2 a kilo ɗaya na bandar kifi ba, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

MAGANIN ƘWARI A KAN ABINCI

Wannan ya fi na hayaƙi gaggawa. Kowa ya san asarar da ƙuda da ƙwaron busasshen kifi ke jawowa. Ƙuda ya yi ƙwai a kan ɗanyen, ƙwaro ya shiga busasshen ya cinye tsokar ya bar ƙashi da gari, falke ya buɗe kwali a Anaca ya tarar jarinsa ya zube. Tsoron wannan ne ke sa waɗansu su yayyafa wa kifi Gammalin 20 ko Sniper ko fiya-fiya. Ana jin uzurinsu, amma ba uzurin da zai halatta zuba guba a abincin mutane.

Sinadarin da ke cikin Gammalin 20 sunansa lindan. A 2008 NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari 30, lindan na cikinsu, bayan da gurɓataccen wake ya kwantar da mutane a jihohin Kuros Riba da Gwambe. A 2009 aka sa shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar, Nijeriya kuwa tana cikin yarjejeniyar. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a sahun farko, ta ce yana danne garkuwar jiki, kuma ciwon dajin da ta ɗora masa shi ne limfoma, watau dajin da ke kama dakarun jiki su da kansu. Yana maƙalewa a kitsen mutum, yana fita ta nonon uwa.

Sniper da yawancin fiya-fiya kuwa DDVP ne a cikinsu. Shi jijiyoyi yake kamawa, kuma a ɗakin bincike an ga yana raunana dakarun da ke kashe ƙwayoyin daji. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Saboda wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya a 2015, manoman da ba su ji ba ba su gani ba suka yi asara tare da masu laifin. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma abin da ya sami wake yana iya samun sunan kifin Baga. Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin masu kifi su ne suka fi kowa ikon tsawatarwa, tun da sun san wanda ke yi.

Ƙwaro yana da maganin da ba guba ba. Kifin da aka jiƙa a ruwan gishiri kafin a ɗora shi a wuta ƙwaro ba ya sonsa. A busar da shi sarai, a shanya a kan raga mai tsawo maimakon ƙasa, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda, a bari ya huce kafin a sa a kwali, a share rumbun ajiya daga tsohon gari, idan ajiya ta daɗe a sake ɗumama shi a wuta domin zafi yana kashe ƙwai da tsutsa. Kifin da aka ɗaure da sauran danshi yakan yi fumfuna, wata fumfunar kuwa tana fitar da guba mai suna aflatoksin wadda ke lalata hanta, don haka wanda ya yi kore ko fari-fari na zubarwa ne.

Mai saye ya yi aiki da hancinsa da idonsa. Idan kifi yana warin magani ko na kananzir a bar shi. Idan ƙuda ya cika layi amma ya ƙaurace wa tire ɗaya, a tambayi dalili, ruwa ba ya tsami banza. A gida a kankare baƙin da ke bayan kifin, a wanke da ruwan ɗumi da gishiri, amma a sani wanki da dafuwa ba su fitar da lindan duka. Idan bayan cin abinci mutane suka kama amai da zawo, yawu yana dalala, gumi yana karyowa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi yana sarƙewa ko jiki yana karkarwa, kada a tsaya ba su manja ko madara, kada kuma a tilasta musu amai. A garzaya da su asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar abincin da sauran kifin a cikin leda, a gaya wa likita inda aka saya da ranar da aka saya, domin a bi sawun kwalin kafin ya shiga wani gida.